RUBUTUN MAKO: Gurara ko Yankari, hoto za mu je ɗaukowa ko abin rubutu?

Muna godiya ga shugabannin zaure da suka bar mana filin wannan karon, duk da sun san abin da za mu faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, har da wasu daga cikinsu.

Ga waɗanda ba su samu halartar taron wata na ranar Lahadi ba, ga abin da ya faru. Kwamitin tafiya ya kawo wurare biyu domin ziyarar ƙungiya ta watan Janairu mai zuwa: magangarar ruwa ta Gurara a jihar Neja, da gandun dajin Yankari a jihar Bauchi. Aka ce a ɗaga hannu. Mutum 21 suka ɗaga wa Gurara, mutum 9 suka ɗaga wa Yankari, sauran kuma suna can suna latsa waya. Shugaba ya ga an fara ɗaga murya, ya ce a bar maganar sai taro na gaba. To mu ne mutum taran nan. An kayar da mu a ƙidayar hannu, amma ba a ba mu hujja ko ɗaya da ta zauna ba, shi ya sa muka kawo ƙararmu nan, inda kowa zai karanta a tsanake ba tare da an katse wani ba.

Bari mu fara da takardar da kwamiti ya raba. An ja layi uku a jikinta: kuɗi, nisa, da kyawun wuri. A ƙarƙashin kyawun wuri an manna hoton Gurara, ruwa fari fat yana zubowa kamar an kwance auduga, a gefe kuma hoton wata ƙofar shiga Yankari da rana ta dake ta. Duk wanda aka nuna wa wannan takarda Gurara zai zaɓa, mu ma da ba mu san komai ba da ita za mu zaɓa. Sai dai an manta da layi biyu da suka fi waɗancan ukun nauyi: a wane wata za a yi tafiyar, kuma me za mu dawo da shi?

Maganar wata ita ce ta fi ba mu mamaki, domin mu 'yan Arewa ne, ba sai an koya mana damina da rani ba. Magangarar ruwa 'yar damina ce. Hoton da aka manna mana, duk wanda ya dube shi da kyau zai ga ciyawa kore shar a bayansa, wato an ɗauke shi ne lokacin da kogin Gurara ya cika ya batse, wajen Agusta ko Satumba. Daga Janairu zuwa Maris ruwan yakan ja baya sosai, duwatsun da ya rufe su fito fili. Tsayin magangarar, kimanin mita 30, yana nan bai ragu ba, amma rugugin nan da feshin nan da ake so a je a gani sun tafi hutu sai damina ta dawo. Haka abin yake a Matsirga ta kusa da Kafanchan, haka yake a Assop da ke hanyar Jos, har ma Farin Ruwa ta jihar Nasarawa wadda ta ninka su tsawo. Ruwan sama ne jarinsu duka.

Shi kuwa gandun daji lissafinsa akasin haka ne. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, kowane kududdufi da ruwa, dabbobi su warwatsu cikin daji ba mai ganinsu, wasu hanyoyin ma mota ba ta iya bi. Da rani ya kama, ciyawa ta bushe, ganye ya zube, ƙananan tafkuna su ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar Yankari ta sha ruwa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu shi ne lokacin ganin namun daji. Wato kwamiti ya tsayar da wata mafi dacewa da Yankari, sannan ya ce mu tafi Gurara. Wannan daidai yake da mutum ya tashi sayen mangwaro da sanyin hunturu, ga lemo jibge a gabansa yana tsallakewa.

Sai maganar nisa. An yi ta maimaita cewa Gurara tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo. Jama'a, daga Kano fa za mu tashi, ba daga Abuja ba. Sai mun bi Zariya, mun wuce Kaduna, mun kama hanyar Abuja har wajen Suleja, sannan mu karya hanyar Minna. Wanda ke Abuja shi ne Gurara take wa tafiyar yini ɗaya, kuma hotunansu ne muke gani a Facebook muna haɗiyar yawu. Yankari kuwa sai mu isa Bauchi, mu kama hanyar Gombe, mu karya a Dindima mu nufi ƙofar Mainamaji, daga nan a ƙara tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai cikin dajin kafin a kai masaukin Wikki. Idan aka lissafa, kowannensu na neman kilomita 400 daga Kano, kowannensu sai an kwana. Bambancin kawai, a ɗayan kwanan a otal ɗin bakin titi za a yi shi ana jin ƙarar tireloli, a ɗayan kuma a tsakiyar daji, inda shi kansa kwanan yana cikin abin da aka je nema.

Ba yau muka fara wannan kuskuren ba, kuma ya kamata mu tuna wa juna. Bara waccan mun je wata magangara da ba sai mun kama suna ba. Mun tashi bayan sallar asuba, motar da aka yi shata ta tsaya mana sau biyu a hanya, ba mu isa ba sai bayan la'asar. Minti nawa muka yi a bakin ruwan? Bai kai awa ɗaya ba. Kowa ya juya wa ruwan baya ya fuskanci kyamara. Wata 'yar uwarmu ta zame a kan dutse mai gansakuka, Allah ya tsare ba ta faɗa ciki ba, amma gwiwarta ta fashe, wayarta kuma ta tafi ba dawowa. Direba ya fara danna oda yana cewa dare zai yi. Muka dawo da hotuna sun fi ɗari uku. To mu tambayi kanmu tsakani da Allah, daga wannan tafiyar gajeren labari nawa aka rubuta? Waƙa nawa? Mun duba kundin ƙungiya na wannan shekarar, ba mu ga ko ɗaya ba. Abin da ya rage mana shi ne hotunan da muka sa a fuskar shafukanmu na sati biyu muka canza.

Nan ne asalin damuwarmu take. Mu ba ƙungiyar 'yan ajin ƙarshe ba ce da ke neman wurin cin shinkafa da kaza kafin a rabu. Mun kira kanmu marubuta, kuma kuɗin da za a kashe karo-karo ne da muka yi wata da watanni muna tarawa, wasu daga ɗinki, wasu daga koyarwa a makarantun kuɗi, wasu daga sayar da data. Tafiya ɗaya muke iya yi a shekara. Idan haka ne, dole mu tambayi me tafiyar za ta ƙara wa alƙalaminmu.

A wajen taron mun yi wata 'yar jarrabawa da wasu suka ɗauka raini ne, alhali da kanmu muka fara. Mun ce wa zai bambance mana gwanki da kanki da mazo da gwambaza? Ɗakin ya yi tsit. Wani ya ce ai duk barewa ce. Mutum sama da talatin, kowa da littafi ko biyu a intanet, wasu da mabiya dubbai, amma babu wanda ya iya cewa gwanki babba ne kamar doki, mai ƙaho lanƙwashe baya da zane baƙi da fari a fuska, ko cewa kanki doguwar fuska gare shi da kafaɗa da ta fi ƙugu tudu, ko cewa mazo ja ne mai ɗigo-ɗigo da ratsin fari, mai son laɓewa a duhuwar bakin rafi. Mu ma da muka yi tambayar, sai da muka je muka zauna da wani tsohon maharbi a unguwarmu kafin muka sani. Kullum muna rubuta cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin gudun kowace irin dabbar dawa ba sai a talabijin, da bakin Bature yana bayani.

Ku buɗe littattafanmu na yanzu ku gani. Da zarar jarumi ya shiga daji, sai a ce "wani ƙasurgumin daji mai duhu da manyan bishiyoyi", shi ke nan an gama. Wace bishiya? Kirya ce ko marke? Kawo ne ko maje ko taura? Wane tsuntsu ne ya yi kuka? Da wane ƙamshi ƙasa ta tashi? Ba mu sani ba, don haka sai mu yi sauri mu mayar da jarumin cikin falo mai sanyin na'ura, inda muka san sunan kowace kujera da kowane turare. Kakanninmu da suka bar mana tatsuniya da karin magana sun san halin kura da na dila da na zomo domin sun zauna da su. Burtun da maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji, tsuntsu ne na gaske mai tafiya a ƙasa, kuma yana nan a Yankari cikin nau'in tsuntsaye sama da 350 da aka lissafa a dajin. Kalmomin nan suna mutuwa a hannunmu, mu da muke cika baki cewa mu ne masu raya harshe.

Magangara abu ɗaya take nuna maka, kuma ta nuna maka shi gaba ɗaya a minti biyar na farko. Kyakkyawa ce, ba mu musa ba, ikon Allah ne abin a tsaya a yi tasbihi. Amma bayan ka ce Subhanallah ka ɗauki hoto, saura me? Daji kuwa ba ya ba ka komai a kyauta. Sai ka tashi da sassafe, ka yi shiru, ka bi bayan mai gadin daji yana nuna maka sawu a ƙasa, yana cewa wannan ɓauna ce ta wuce da daddare, wannan reshen giwa ce ta karya shi, dubi kashinta bai bushe ba. Wannan zama da haƙuri da lura su ne ainihin aikin marubuci. Kuma mutanen da za su yi mana jagora kansu littattafai ne: wanda ya shekara yana sintiri a dajin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana kwana da fargabar mafarauta masu bindiga, yana da labarin da ya fi duk wanda za mu ƙirƙira a kan katifa.

Ba dabbobi kaɗai ke wurin ba. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sannan aka mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Kafin duk wannan mutane sun zauna a cikinsa, kuma sun bar shaida. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutse. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da ɗari da aka haƙa a haɗe da juna don tara ruwa. Akwai kufan matoyar tama inda maƙeran da suka narka ƙarfe. Masu rubuta labaran tarihi da na yaƙi a cikinmu, da kuke ta aro fadoji daga finafinan Indiya da na Turkiyya, ga naku nan a Alkaleri yana jiranku.

Su kuma masu cewa su dai ruwa suke so su gani, mun ji, kuma ba mu ce ku haƙura ba. A gindin masaukin akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ku kwatanta wannan da sanyin Janairu. Wanda ya zaɓi Yankari ya samu daji ya samu ruwa. Wanda ya zaɓi Gurara a Janairu ya rasa daji, ruwan ma ragowarsa zai tarar.

Yanzu bari mu zo kan hujjojin ɗaya ɓangaren, domin akwai masu nauyi a cikinsu, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba.

An ce Yankari ya fi tsada. Gaskiya ne. Akwai kuɗin shiga, da na ɗaki, da na motar zagaya daji da jagora. Amma a lissafa da abin da za a samu. Kuɗin mota kusan ɗaya ne, kwana dole ne a duka biyun. Ƙarin da za a yi shi ne farashin yini biyu cur na gani da ji da tambaya, maimakon awa ɗaya ta hoto. Idan aljihu bai kai ba, a rage kwalliyar: a fasa buga riguna masu tambarin ƙungiya, a fasa ɗaukar mai hoto na haya, mu tafi da garinmu da ƙuli-ƙulinmu da dambunmu. Lokacin da muke poli mun yi tafiyar da ta fi wannan da kuɗin da bai kai wannan ba.

An ce za a iya zuwa ba a ga giwa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi muku alkawarin giwa ya yaudare ku. Daji ba gidan zu ba ne, ba a ɗaure kowa don jiran baƙi ba. Giwayen Yankari na cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma dajin da faɗi, su kuma ba su da yawa. Zaki kuwa kada ma a sa rai. Sai dai gwaggon biri da mugun dawa har cikin masauki suke yawo, kuma wanda ya bar ledar burodinsa a sake zai ba da labari. Rashin ganin giwar ma darasi ne: me ya sa dabbar da kakanninmu suka cika karin magana da ita ta koma sai an yi sa'a? Wannan tambayar kaɗai ta isa littafi.

An kawo maganar iyaye da mazajen 'yan uwanmu mata, cewa ba kowa za a bari ya kwana a daji ba, ga kuma batun wanka a Wikki. Wannan ita ce hujjar da muka fi girmamawa. Amsarmu ita ce, kwana dai kwana ne, ko a Suleja ko a Wikki, izinin da za a nema ɗaya ne. A rubuta wa kowane gida takarda da sa hannun shugaba da iyayen ƙungiya, a tafi da manyan mata biyu daga cikin iyayenmu, a ware ɗakuna, a bar wa wadda ke son zuwa da muharraminta ƙofa a buɗe. Shiga ruwa kuma ba farilla ba ce, wanda bai ga dama ba ya zauna a inuwa da littafinsa.

Sai babbar magana, tsaro. Wani ya ce a taron, "Mu da ake gudun daji, ku kuna kiran mu daji?" Aka yi dariya, mu ba mu yi ba. Ba mu ce a rufe ido a tafi ba. Wasu ƙauyukan gefen dajin a ƙaramar hukumar Alkaleri sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga, kuma wajibi ne kwamiti ya tuntuɓi hukumar gandun da mutanen Bauchi da muka sani kafin a biya ko sisi, a sake tuntuɓa ana gobe tafiya, a yi tafiyar da rana, idan aka ce akwai matsala a fasa ba tare da jin kunya ba. Rai ya fi rubutu. Amma ita hanyar Kaduna zuwa Abuja da za a bi a je Gurara, yaushe ta zama hanyar da ba a addu'a kafin a hau ta? A auna duka biyun da mudu ɗaya.

Kuma tunda an taɓo maganar, bari mu faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Sambisa da yau sunansa kaɗai ke firgita yara, gandun namun daji ne a da. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na tarayya, yau wa zai ce zai kai ɗalibai can? Falgore da ke nan jiharmu, mu nawa muka taɓa tsayawa a cikinsa in ba wucewa a guje a hanyar Jos ba? Ba mu ce rashin zuwan masu yawon buɗe ido ne ya kawo 'yan bindiga ba, abin ya fi haka zurfi. Amma dajin da jama'a ba su san shi ba, ba su da abin tunawa a cikinsa, ranar da aka sare shi aka yi gawayi ko miyagu suka mamaye shi babu mai kuka, babu mai rubutu, babu mai tambayar gwamnati. Gurara za ta ci gaba da zuba ko mun je ko ba mu je ba, muddin ana ruwan sama. Giwar Yankari ba ta da wannan tabbacin. Ɗan kuɗin shigar da za mu biya da ɗan rubutun da za mu yi ba za su cece ta su kaɗai ba, amma shirunmu ma ba zai cece ta ba.

Don haka ga abin da muke roƙo a taro mai zuwa. A sake buga takardar kwamiti da layi biyar maimakon uku, a sa watan tafiya, a sa abin da za a dawo da shi, kuma hoton kowane wuri ya zama na watan Janairu. A tafi Yankari a wannan ranin in tsaro ya ba da hali. A ɗora wa duk wanda ya shiga motar sharaɗin kawo rubutu ɗaya cikin wata guda da dawowa, labari ko waƙa ko maƙala, da sunayen itatuwa biyar da dabbobi biyar da ya gani da idonsa, mu haɗa su kundi. Gurara kuma a ajiye ta sai ƙarshen damina, lokacin da take cikin kwalliyarta, waɗanda ke da hali su je, mu ma in Allah ya hore za mu bi ku, a tsaya nesa da bakin dutse.

'Yan uwa mutum 21, ba gaba muke da ku ba, gobe ma tare za mu zauna a tabarma ɗaya ana gyara wa juna rubutu. In kuna da hujjar da ta fi tamu ku kawo ta nan ƙasa, za mu karanta, in ta fi ƙarfinmu mu sallama a gaban kowa. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda zai yi mana raddi, ya fara da gaya mana bambancin gwanki da kanki, ba tare da ya tambayi Google ba.

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da dazuzzukanta lafiya. Sai mun ji daga gare ku.